Ba Ƙoda Ce Ta Kai Mu Masar Ba

Duk wanda ya zo gidanmu a Gwaram yi wa Baba barka da dawowa, tambaya ɗaya yake yi: Alhaji ya ƙoda? Baba ya ce da sauƙi. A shafa addu'a, a sha ruwa, a fita ana ba da labarin yadda likitocin Masar suka gyara wa Alhaji ƙoda. To ba ƙoda ba ce. Ƙodar Baba lafiyarta ƙalau, ni na ga hotonta da idona har sau uku. Masu cewa na more, na hau jirgi na ga duniya, su ma ba su san komai ba. Kwana arba'in da ɗaya na yi a Alƙahira, abin da na gani bai wuce matakalar bene da bangon asibiti ba. Na sauya sunayen mutane a rubutun nan, duk da na san wanda ya san gidanmu zai gane. Ya gane ɗin.

Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu har yanzu ana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana son ruwa, ko da ina zaune a gabansa, sai ya dubi ƙanwata ya ce a ce wa waccan ta kawo ruwa. Inna ta fi shi ma. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, haka na taso na tarar. Baba ɗan kasuwar hatsi da riɗi ne, mutum ne da in rigima ta tashi tsakanin dillalai a kasuwa shi ake kira ya raba. Ba ya fita sai da babbar riga, ko ana zafin da kaza ke buɗe baki.

Ya daɗe yana fama da ciwon mara, wani lokaci har da amai. Baffa Sale, ƙaninsa, ya matsa masa aka je Kano aka yi hoton ciki, aka ga 'yar tsakuwa a ƙoda. Baba ya rungumi maganar ƙodar nan kamar wanda aka yi wa kyauta. Aka ce ga asibiti nan a Birnin Kudu, ya ce sam. Aka ce to Kano, ya ce a'a, shi sai waje. Ya sayar da gonar da ya gada ta wajen uwa a Kangire, wani ya haɗa shi da wani Bakano mazaunin Alƙahira da ke karɓar marasa lafiya. Baffa Sale ne ya kamata ya raka shi, sai aka tarar wa'adin fasfonsa ya ƙare, sabuntawa kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ni ina da fasfo, na yi shi ne don karatun jinya a Sudan kafin yaƙi ya rufe hanyar, na dawo ina zaman kemis a Birnin Kudu. Ina jin Turanci daidai na sakandare. Da aka gaya wa Baba ni ce zan bi shi, kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A lokacin na ɗauka ciwon ne.

Zangon farko filin jirgi. Bakanon nan, Malam Nafi'u, ya tarye mu, gajere ne mai ƙamshin turare, wayoyi biyu a hannu, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Ya karɓi fasfunanmu ya ce zai ajiye mana, na ce a'a, na fizge nawa da na Baba na cusa a jaka. Ya yi dariya ya ce wa Baba, Alhaji ka zo da soja.

Ya kai mu wani gida a hawa na biyar, a unguwar da motoci ba sa daina ƙaho. Akwai na'urar hawa, amma ta mutu, kuma daga ganin ƙurar da ke ƙofarta ta daɗe da mutuwa. A matakalar nan na fara lura da tafiyar Baba. A gida ban taɓa tafiya a bayansa ba, ina zan bi shi? Nan kuwa ina biye da shi da jakunkuna, na ga yana buɗe ƙafafu, yana ɗaga ɗaya ya ajiye kafin ya ɗauki ɗaya, hannunsa na hagu a cikin riga. A kowane hawa sai ya tsaya ya yi kamar yana kallon taga. Na ce a raina, ashe haka ƙoda take yi wa mutum.

Zamanmu a gidan nan abin dariya ne in ba kai ne a ciki ba. Ɗaki biyu, mu biyu, babu ƙanwar da za a aika da saƙo. Sai Baba ya koma magana da bango. Ya zauna a falo ya ce, "Wai ko akwai ruwan zafi a gidan nan?" Ni kuma in tashi in dafa. Ya ce, "Ko an kira mutumin nan kuwa?" In ɗauki waya. In na tambaye shi jiki, ya ce wa taga da sauƙi. Ni mutum ce mai son a faɗi magana a wuce wurin, amma a gaban Baba bakina ɗaurewa yake yi.

Daga nan sai zangon gwaje-gwaje. Kullum Malam Nafi'u zai zo da tasi ya kwashe mu zuwa wani ƙaramin asibiti mai kujerun fata da sanyin na'ura. Yau a ɗibi jini, gobe fitsari, jibi a sa Baba a cikin wata na'ura mai kama da rami. Da an shiga wurin likita Nafi'u ne ke magana, shi ke amsawa, Baba yana zaune da rigarsa kamar baƙo a ɗaurin aure. Likita ya tambayi inda ke ciwo, Nafi'u ya dafa bayansa ya ce ƙoda. Sau ɗaya wani likita ya nuna gado ya ce Baba ya kwanta a duba shi, Baba ya ce ai an riga an yi hoto, Nafi'u ya fassara, aka wuce wurin. Na tambayi Nafi'u me ya sa ake maimaita hoton da aka yi shekaranjiya, ya ce nan ba Birnin Kudu ba ne, 'yammata, a bar wa masu abu abinsu. Daga baya na ji cewa duk gwajin da aka yi yana da kasonsa a ciki.

Amma ba cutar da ya yi mana ta fi yi mana illa ba, bakinsa ne. A cikin tasi ba ya shiru. Ya ba mu labarin wani attajiri na Kano da aka sa wa robar fitsari, da sunansa da unguwarsa. Ya ba mu na wata Hajiya da aka cire wa mahaifa mijinta bai sani ba. Wata rana ya kawo labarin wani mai unguwa da ya zo da gwaiwa, yana kwatanta girmanta da hannu biyu, yana dariya har yana dukan kujera, ya ce sai da aka nemo masa wando na musamman. Na dubi Baba ta madubin direba. Fuskarsa ba ta motsa ba, carbinsa ne kawai ya tsaya. Na ga hakan, ban fahimta ba. Wannan yana cikin abubuwan da har yau nake jin haushin kaina a kansu.

A sati na biyu kewar gida ta kama ni. Ba wani babban abu nake kewa ba. Ƙarar injin niƙa na bayan gidanmu, da ihun 'yan acaɓa a tashar Gwaram, da tuwon dawa. Gurasarsu da dafaffen wakensu sun fita daga raina. Wata rana da hantsi ina shanya a baranda sai na ji ƙamshin daddawa. Na ɗauka hankalina ne ya fara taɓuwa. Na bi ƙamshin har hawa na uku na ƙwanƙwasa ƙofa, wata mata doguwa ta buɗe tana dafe da ciki, na yi sallama ta amsa da Hausa. Sai kawai na fashe da kuka a ƙofar mutane.

Hajiya Zali ke nan, mutuniyar Damagaram. An cire mata ƙari a mahaifa sati uku da suka wuce, tana jiran a sallame ta, ɗanta da ya kawo ta ya koma bakin aiki. Ta zuba mini tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina ci. Ita ba ta da ɓoye-ɓoye, ta ɗaga riga ta nuna mini ɗinkin, ta ce shekara shida tana zubar da jini tana cewa mutane shawara ce ke damunta. Da na ambaci Nafi'u ta taɓe baki, ta ce ita ma ta hannunsa ta fara bi, da ta ga yana juya ta sai ta tambayi mai gadin gidan, ya nuna mata babban asibitin da 'yan gari ke zuwa. Ta tambaye ni ciwon Baba, na ce ƙoda. Ta ce ta gan shi a matakala. Sannan ta ce, "'Yata, ni dai mijina ya yi ciwon ƙoda har ya rasu, ban ga yana tafiya haka ba."

Na koma sama da maganar nan a kaina. Da za mu taho Inna ta sa wani ƙulli a jakar Baba, ta ce wa ƙanwata a ce wa waccan kada ta taɓa. Baba shi ke wanke wasu kayansa da kansa a banɗaki, ya shanya su a ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ranar na shiga share ɗakin yana salla, na gan su a kan igiya: ƙyallaye dogaye guda huɗu, an yanko su daga tsohon rawani, an ninka an yi musu ɗinkin hannu, kowanne da igiya a bakinsa. Ɗinkin Inna ne, na san hannunta. Duk sun lanƙwashe a tsakiya sun yi kwarmi kamar an daɗe ana ɗaukar abu mai nauyi da su. Na yi zaman kemis, na ga dattawan da ke zuwa su yi ta kewaye-kewaye kafin su ce a ba su maganin kumburi. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kamar ni aka kama.

Na kira Inna. Na ce mata na ga ƙyallaye. Ta ce ita ba ta san abin da ake nufi ba, ta fara tambayata ko ana sanyi a can. Na ce Inna mun baro gida, an sayar da gona, kullum ana ɗaukar hoton wurin da ba shi ne ke ciwo ba. Can ta ce, "A ce musu su duba shi duka." Ta kashe wayar.

Na kwana uku ina neman bakin da zan yi wa Baba magana. Ni da ake cewa ba ni da ta ido. In zo bakin falo da maganar a shirye, in gan shi da carbi, in ce ko a kawo shayi.

A rana ta ukun mun dawo daga wani gwajin, a hawa na huɗu Baba ya yi wani nishi ya durƙusa. Na miƙa hannu, ya ɗaga mini nasa alamar in tsaya. Ya ƙarasa da rarrafe. Washegari bai ci komai ba, ya ce wa bango cikinsa ne ya ɗan ɗaure. Na kira Nafi'u, wayoyinsa biyu duk a kashe. Wayewar gari ta biyu, rana ta fito ban ji motsinsa ba, na tura ƙofa. Yana kwance a ƙasa a ƙudundune, ya yi amai kore a kan dardumar salla, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwarya, gumi yana zuba. Ko a haka, da ya ga na shigo, abin da ya fara yi shi ne jawo riga ya rufe cinyoyinsa.

Na sauka da gudu wurin Hajiya Zali. Larabcinta bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, amma ta iya ihu. Mai gadin gidan, wani tsoho mai jallabiya da kullum nake wucewa ba na ko gaishe shi, ya kira mai sayar da gurasa na ƙofar gida. Su biyu suka ɗora Baba a kan kujerar roba suka sauko da shi hawa biyar, tsohon yana haki yana yi masa addu'a a kunne. Da na ciro abin da zan ba su, tsohon ya ture hannuna ya nuna sama da yatsa. Har muka bar ƙasar ban san sunansa ba.

Tasi ta kai mu babban asibitin nan na 'yan gari. Can ba kujerun fata, mutane ne ko'ina har ƙasa. Hajiya Zali ta ratsa da mu, tana dafe da ɗinkinta, har gaban wani likita mai sanƙo da idanunsa suka yi ja don gajiya. Yana jin Turanci. Aka ɗora Baba a gado, likita ya ja labule, ni ina waje. Ba a yi minti biyu ba ya fito ya ce mahaifinki ya riƙe rigarsa da hannu biyu, yana nuna mini bayansa, ni kuwa abin da nake gani a cikinsa ba na baya ba ne. Ya ce hanji ne ya toshe, yana so ya san dalili, kuma ba shi da lokacin lallashi.

Na ɗaga labulen na shiga. Ban tsara abin da zan ce ba.

"Baba, yau babu wanda za a aika. Ni kaɗai ce. Na ga ƙyallayen da Inna ta ɗinka. Gwaiwa ce ko ba ita ba ce?"

Ya juyar da fuska bango. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ya ce, "Wai ita wannan ba a koya mata magana ba ne?"

"Ba a koya mini ba. In kun ƙi a duba ku, ku gaya mini abin da zan je in ce wa Inna. In ce na binne ku a garin da ba mu san kowa ba saboda kuna jin kunyata?"

Likita yana tsaye yana duban agogo. Wata mata tana kuka a gadon da ke kusa. Na ga hannun Baba ya saki rigar a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "A fita. A tsaya a bayan labule."

Haka aka yi. Na tsaya a bayan labule na juya musu baya, goshina a jikin bango, likita ya yi tambaya da Turanci in mayar da Hausa, Baba ya amsa in mayar da Turanci. Tun yaushe? A gaya masa shekara goma sha ɗaya. Yaya ta fara? A gaya masa buhun riɗi na ɗaga zan ɗora a mota, na ji abu ya tsage a matsematsi. In ya kwanta tana komawa? A gaya masa da tana komawa, kullum da asuba nakan mayar da ita da hannu in ɗaure. Yaushe ta ƙi komawa? A gaya masa tun shekaranjiya a matakala. Bayan gida fa, ko iska? Babu. Shekara goma sha ɗaya. Ina aji ɗaya a sakandare ke nan. Duk rigimar da ya raba a kasuwa, duk ɗaurin auren da ya tsaya a kai, da ƙyallen nan a jikinsa ya yi su.

Likita ya fito ya zana mini a bayan takarda. Ya ce ɓula ce a bangon ciki ta wajen matsematsi, hanji ya zurara ta ciki ya sauka ƙasa. Yanzu bakin ɓular ya shaƙe hanjin, jini ba ya isa gare shi. In aka ƙara wasu awoyi zai mutu ya fashe a ciki, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ya tambayi wa ke tare da shi namiji, na ce babu. Ya miƙo mini biro. Na sa hannu a takardar da ta ce na yarda a yanka ubana, na kuma san ba lallai ya tashi ba.

Awa uku muka yi a kan benci ni da Hajiya Zali. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ta dai riƙe mini hannu, ta ɓare lemo tana sa mini a baki kamar yarinya. Da likitan ya fito ya ce sun yanke hanjin da ya riga ya yi baƙi, kamar tsawon tafin hannu, sun haɗa sauran, sun ɗinke ɓular. Na tambaye shi ƙoda. Ya ce ya ga hotunan da muka zo da su, tsakuwar ba ta kai ƙwayar dawa ba, ya riƙa shan ruwa da yawa. Sannan ya tambaye ni, ba da wulaƙanci ba, ko ƙasarmu babu likitan tiyata. Ya ce da an zo da ita tun tana komawa, aikin da ba ya cika awa guda ne, kuma kowane babban asibiti yana yin sa. Na tuna gonar Kangire. Na tuna asibitin Birnin Kudu da nake wucewa ta ƙofarsa kullum in zan je kemis.

Can da la'asar wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana tambayar mutanen da ke benci, "Sakina? Sakina?" Na ɗauka takarda za a sake ba ni. Ta ja ni har bakin gadon. Baba bai gama farfaɗowa daga allurar barci ba, idonsa a rufe, roba a hanci, yana ta maimaita sunana. Ba wani abu yake cewa ba, sunan kawai. Ashe ya iya faɗinsa. Da ya farka sosai ya koma a ce wa waccan, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba.

Sauran kwanakin jinya ce, kuma jinya ba ta san kunya ba. An sa masa robar fitsari, ni ke zubar da jakar, shi kuma ya kifa hula a fuska har in gama. Ciwon ya yi ruwa aka sake buɗe gefe guda, zazzaɓi ya riƙe shi kwana biyar. Hajiya Zali ta ɗaga tafiyarta da sati guda saboda mu, ita ta dama masa kunun da ya fara sha, da za ta tafi ta bar mini tukunyarta da sauran kukarta. Nafi'u ya ɓullo a rana ta huɗu da ledar ayaba, wai ya raka wani mara lafiya wani gari ne. Ya ce an yi kuskure da aka kawo Alhaji asibitin talakawa, a mayar da shi wurinsa a ci gaba da maganar ƙoda. Ya matso yana tambayata a hankali wai aikin me aka yi. Na ce ya je ya tambayi likita, in ya ga dama ya ba da labarin a tasi. Na ɗora masa ledarsa a hannu. Baba daga kwance ya ce a ce masa mun gode.

Sau ɗaya Baba ya yi bayani, shi ma ga silin ya yi shi. Ya ce lokacin yana saurayi akwai wani mai awo a kasuwar Gwaram da aka sani da wannan ciwo, har ya mutu ba a kiransa da sunansa, 'ya'yansa ma da ita ake kwatanta su. Ya ce ma'aikatan asibitin Birnin Kudu rabinsu 'ya'yan abokan cinikinsa ne. Shi ya sa ya ce sai waje, inda ba wanda ya san shi, ya yi niyyar in ya samu likita su biyu ya faɗa. Sai aka haɗa shi da ni, aka kuma haɗa shi da Nafi'u.

A jirgin dawowa, yana kallon bayan kujerar gabansa, ya ce, "In an tambaya, ƙoda ce." Na gyara masa bargo, ya ɗauka na yarda. Kuma na riƙe masa, wata uku ina jin ana ya ƙoda ina kawo ruwa.

Sai ranar Juma'ar da ta wuce Malam Idi ya zo daga Kwandiko. Abokin Baba ne tun suna yara, manomi ne, shi ya yi mini huɗuba da aka haife ni. Ina tsakar gida na hango shi ta zaure yana sauka daga mashin. Ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga ɗaya ya ajiye kafin ya ɗauki ɗaya, hannunsa na hagu a cikin riga. Na kai musu ruwa na ji yana cewa shi ma ƙodar nan ta matsa masa, ya sa shanun nomansa a kasuwa, gonar fadama ma an fara tayawa, yana son lambar mutumin nan na Masar. Baba ya ce zai duba.

Da ya tafi na shiga zauren. Na ce Baba kun ga yadda ya sauka daga mashin. Ya ce wa ƙofa shi bai ga komai ba. Na ce tun da muka dawo na je asibitin Birnin Kudu na tambaya, suna yin aikin, suna da ranakunsa, likitan ma ba ɗan garin nan ba ne, mutum ya kwana biyu ya koma gida da shanunsa da gonarsa. Na ce in kun ba shi lambar Nafi'u kun san inda kuka tura shi, in kuma kun yi shiru kun san abin da ke jiransa, kuma shi ba shi da mai gadin da zai sauko da shi.

Ya ce, "Wai ita wannan so take ta tsiraita ni a garin nan?"

Na ce mutum ɗaya kawai za ku gaya wa, kuma shi ma abin da yake ɓoyewa ke nan.

Ya tashi ya shiga gida, tafiyarsa a miƙe, hannayensa biyu a waje.

Na riga na yi magana da Baffa Sale, zai kai ni Kwandiko da motarsa ranar Laraba da hantsi. Na gaya wa ƙanwata ta ce wa Baba kujerar gaba tasa ce. In ya shiga, su yi maganarsu su biyu a zaure, ni in wuce cikin gida wurin mata, ba ruwana. In bai fito ba ba zan jira shi ba. Cikin ƙyallayen nan huɗu na zubar da uku a Alƙahira, na dawo da ɗaya a ƙasan jakata. Zan durƙusa in gaida Malam Idi yadda ya kamata, in ajiye masa shi a kan tabarma. Ba sai na yi dogon bayani ba. Yana da irinsa a jikinsa.